Daga Garwa zuwa Yawunde don gwajin wasan waƙa da rawa: yadda za ki isa da muryarki

Tambaya: Ni 'yar Garwa ce, ina waƙa a gidajen biki, kuma na taɓa yin wasan kwaikwayo a makaranta. Wata ƙungiya a Yawunde ta kira ni gwaji ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, suna neman 'yan wasa don wasan dandamali da ya haɗa magana da waƙa da rawa. Ban taɓa wuce Ngaundere ba. Yaushe zan tashi, me zan riƙe, kuma yaya zan yi kada muryata ta dishe a hanya?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya sa a dace. Tsayuwarki gaban masu tantancewa da wuya ta wuce minti uku zuwa biyar, tafiyar kuwa ta fi yini da kwana. Saboda haka ki fara lissafi daga ƙarfe goma na safiyar Asabar, ki riƙa komawa baya. Idan kika yi haka za ki ga cewa ranar Alhamis da sassafe ya kamata ki bar Garwa, ki kwana a jirgin ƙasa, ki sauka Yawunde ranar Juma'a da safe, ki samu yini guda da dare guda na hutu. Wanda ya ce miki ki tashi Juma'a ki wuce wurin gwaji kai tsaye daga tasha, ki yi masa godiya ki bar shawararsa. Jirgi yakan makara, wani lokaci da awoyi, kuma ko ya iso kan lokaci, muryar da ta kwana a zaune cikin ƙara da sanyi ba ita za ki kai wa mutane ba.

Kafin ki sayi tikiti, ki nemi su turo miki gayyatar a rubuce, ko ta WhatsApp ce: sunan ƙungiya, sunan mai shirya wasan, unguwa da ɗakin da za a yi gwajin, da abin da suke so ki shirya. Ki tambaye su yaushe za a fara atisaye, wata nawa zai ɗauka, ina za a ajiye 'yan nesa, kuma ko suna mayar da kuɗin mota. Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. Gwajin kirki a ɗakin wasa ake yinsa, ko cibiyar al'adu, ko ajin makaranta, da rana, da mutane da yawa. Duk wanda ya ce ki turo kuɗin rajista, ko ki same shi a ɗakin otal shi kaɗai, kada ki je, ko da wane suna ya ambata. Ki nuna wa iyayenki gayyatar, kuma in da hali ki tafi da yayanki ko wata 'yar'uwa. Ki kuma tambaya tun yanzu irin suturar da za a sa a wasan da ko akwai rawar riƙe juna, don kada a ɗauke ki sannan ki tarar da abin da ba za ki iya ba.

Yanzu hanya. Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 ce, amma kada kilomitar ta ruɗe ki. Akwai shingayen jandarma, akwai ramuka, akwai hawan dutsen nan bayan Mbe inda manyan motoci ke ja da ciki. Ki ware mata awa shida, ki hau motar farko ta ajans, wato kamfanin motocin fasinja. Jirgin Camrail na Ngaundere zuwa Yawunde da yamma yake tashi ya kwana a hanya, tafiyar kilomita 620 da ɗoriya ta Ngaundal da Belabo da Nanga Eboko. Ki sa wani ya tabbatar miki lokacin tashi a tasha cikin makon, ya kuma kama miki wuri da wuri, domin ɗakunan kwanciya su ke fara ƙarewa. Idan akwai wuri guda da ya cancanci ki ƙara kuɗi a duk tafiyar nan, to gadon jirgi ne. Mai rawa da ta kwana zaune ƙafa a lanƙwashe takan wayi gari da kumburin idon sawu da ciwon ƙugu. Akwai motocin da ke bi ta Meiganga da Garwa-Bulai da Bertuwa, sun fi tsawo kuma a zaune za ki kwana. In dole ta sa kika bi su, duk inda aka tsaya ki sauka ki taka, kuma kina zaune ki riƙa juya ƙafa kina ɗaga dunduniya. 'Yan Marwa su ƙara rabin yini a kan wannan lissafi. 'Yan Kusiri da masu tsallako gadar Ngeli daga Njamena su ƙara yini cur, su yi tafiyarsu da rana, masu tsallake iyaka kuma su riƙe katin allurar shawara tare da takardun shaida.

Katin shaidarki ya zauna a jikinki, ba a jakar da aka ɗaure a saman mota ba. Ki yi masa kwafi biyu. Haka ma duk abin da gwajin ya dogara a kansa: waya, caja, kile USB (ɗan filashin ajiye waƙa), takardu, kayan rawa, duka a ƙaramar jaka da ke kan cinyarki. Kuɗi ki raba su biyu, rabi a Orange Money ko MTN MoMo, rabi a hannu, da canji ƙanana don tasi. Ki lissafa zuwa da dawowa, kwana uku, abinci, tasi, sannan ki ɗora kashi ɗaya bisa uku a kai.

Batun murya shi ne babba, bari in daɗe a kansa. A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani guda biyu, su ke kaɗawa su ba da sauti, kuma a muryar mace suna haɗuwa su rabu kamar sau ɗari biyu a daƙiƙa ɗaya tana magana kawai, in ta hau sama a waƙa ya ninka. Abin da ke gugar juna haka yana bukatar laima. Ruwan da kika sha ba ya taɓa su, ta wata hanya yake bi zuwa ciki, sai jiki ya tsotse shi bayan awoyi kafin amfaninsa ya iso gare su. Shi ya sa kurɓar ruwa a bakin ƙofar gwaji ba ta gyara komai sai bushewar baki. Ki fara tun Laraba, lita biyu zuwa uku a yini saboda zafin Garwa, har fitsarinki ya yi haske. Kuskuren matafiya mata shi ne ƙin shan ruwa don gudun neman bayi a hanya. Ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan a mota, in kin shiga jirgi, inda akwai bayi, ki sha sosai.

Abu na biyu ƙura da sauyin iska. Za ki bar zafin kwarin Binuwai, ki hau tudun Adamawa inda Ngaundere ke sama da mita dubu kuma dare ke da sanyi, sannan ki gangara cikin laimar kudu, duk a awa ashirin da huɗu. In lokacin hunturu ne ga hazo a kai. Ki rufe hanci da baki da mayafi ko takunkumi, ki shaƙi iska ta hanci domin hanci yana tace ta yana jiƙa ta, ki guji kujerar da taga ko na'urar sanyaya mota ke huro miki a fuska. Ki riƙe rigar sanyi da safa, ko da kin bar gida kina gumi.

Na uku, kuma shi ya fi cin mutane ba su sani ba, hira ce. Cikin ƙarar inji mutum yana ɗaga murya bai ji ya ɗaga ba. Awa uku kina hira da maƙwabciyar kujera, ga 'yan gida suna kira suna tambayar ina kuka kai, daidai yake da kin yi waƙar biki guda ba tare da makirufo ba. Ki gaisa da mutane, ki ba da haƙuri, ki amsa 'yan gida da saƙon rubutu. Kada kuma ki koma raɗa da sunan adana murya, raɗa tana matse maƙogwaro tana busar da shi. In za ki yi magana ki yi ta da muryarki ta kullum, a hankali, a taƙaice. Gyaran murya da kaki ma ki rage, buga tantanin nan ne da ƙarfi. In kin ji abu ya tsaya miki, ki haɗiyi yawu ko ki kurɓi ruwa.

Abinci kuwa, Ngaundere garin kilishi ne, Birketeri a Yawunde, inda Hausawa suka fi yawa kuma inda wataƙila za ki sauka, unguwar tsire ce. Ki saya ki ƙulle, ki ci bayan gwaji. Yaji da maiƙo da dare suna sa ruwan ciki mai tsami ya tsallako sama kina barci, ya ƙona bayan maƙogwaro. Ba lallai ki ji ƙwannafi ba, sai dai ki tashi murya ta yi kauri, saman waƙa ya ƙi fita. Ki ci abincin dare awa uku kafin kwanciya, mai sauƙi wanda cikinki ya sani: shinkafa, burodi, dafaffen ƙwai, ayaba, kunu. A tashoshin jirgi za a kawo abinci iri-iri ta taga, wannan ba daren gwada sabon abu ba ne. Zumar Adamawa dai ki saya, cokali ɗaya a ruwan ɗumi yana laushin maƙogwaro, ko da yake ba ta warkar da dishewa. Shayi mai kauri da goro ki rage su saboda barci, folere, wato zoɓo mai tsami, ki bar shi zuwa Lahadi. Alewar nan mai sanyin mantoleta tana ɓoye zafi ne kawai, sai ki matsa wa murya ba ki ji ba. Magungunan mura da na hana amai a mota da yawansu suna busar da maƙogwaro suna sa gyangyaɗi, asfirin kuma yana sauƙaƙa fashewar ƙananan jijiyoyin jini a tantanin murya in an matsa musu. Ƙwayar buɗe murya ko allurar da ake ba mawaƙa a kemis ɗin bakin hanya, kada ki kusance ta sai da likita. Abin da ke kai laima wurin kai tsaye shi ne tururi: ruwan zafi zalla a kwano, ki lulluɓa da tawul, ki shaƙa minti goma, daren Juma'a da safiyar Asabar.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kayan gwajin a Garwa za ki gama su. Idan sun faɗi abin da suke so, shi za ki kai. Idan ba su faɗa ba, ki shirya waƙa biyu, mai sanyi da mai motsi. A al'adar irin wannan wasa a Amurka da Ingila guntun waƙa ake nema, awo 16 zuwa 32 na rubutun kiɗa, wato daga rabin minti zuwa minti ɗaya da 'yan kai, kuma ƙungiyoyi da yawa a nan ma haka suke yanke mutum. Ki fara daga inda waƙar ta fi nuna ki, kada ki ɓata daƙiƙa arba'in a shimfiɗa da gaisuwa. Ki zaɓi waƙar da ke tsayuwa da ƙafarta. Yawancin waƙoƙin bikinmu da 'yan amshi aka gina su, in babu su sai ramuka su bayyana a tsakiya. Ki zaɓi wadda ke da labari, wani yana gaya wa wani magana, domin a wannan sana'a waƙa ci gaban zance ce, kuma suna kallon fuskarki kamar yadda suke sauraron sautinki. Yin ɗaya da Hausa ko Fulatanci ba aibi ba ne, wataƙila ma abin da ya sa suka kira 'yar Arewa ke nan, amma ki faɗi ma'anarta da Faransanci a jimla ɗaya kafin ki fara.

Abubuwa biyu ne suka fi kayar da mawaƙanmu a nan. Na farko sabo da situdiyo, inda kwamfuta ke gyara murya, da sabo da makirufo a manne da baki. A gwaji sau da yawa babu ko ɗaya. Ki yi atisaye a fili ko a babban aji, ki sa wata ta tsaya taku ashirin ta gaya miki kalmomin da ba ta ji ba. Ƙarfin daga numfashi zai zo, haƙarƙari su buɗe ciki ya saki, ba daga matse wuya ba. Na biyu, mai piyano zai iya sa ki bi shi do, re, mi sama da ƙasa don ya ji iyakar muryarki. Kunnen da ya tashi da waƙar gargajiya ya fi sabawa da tsani mai hawa biyar, do, re, mi, sol, la, sai ki ga fa da si suna zamewa. Ki sauke manhajar piyano a waya, minti goma kullum, ki naɗi kanki ki saurara.

Kiɗan da za ki hau ya zama babu murya a cikinsa, an yanke shi daidai inda za ki fara. Ki ajiye shi a waya, ba a intanet ba, ki ajiye a kile USB, ki tura wa wanda ya raka ki, ki riƙe igiyar haɗa waya da sifika. Ki sa wayar a yanayin jirgin sama kafin ki kunna, kada kira ya shigo a tsakiyar baiti. Duk da haka ki iya waƙar babu kiɗa, domin wuta na ɗaukewa. In haka ta faru, ki taɓa sautin farko a piyanon waya kafin ki buɗe baki. Fargaba tana sa mutum ya kama waƙa sama da inda ya saba, in ya zo ƙololuwa sai murya ta tsage. Ki haddace magana ta minti ɗaya zuwa biyu da Faransanci. Ki buga hotonki na fuska guda biyu, wanda ya yi kama da ke a yau, da takarda shafi ɗaya mai ɗauke da suna, lambar waya, tsawo, harsunan da kike ji, wasannin da kika yi, da kayan kiɗa ko rawar da kika iya. Abin da ba ki iya ba kada ki rubuta, nan take sukan ce a nuna.

Ranar Juma'a bayan kin yi wanka kin ɗan kwanta, ki je ki ga wurin da idonki. Yawunde gari ne na tuddai da cunkoso, kwatance kuma da shataletale da sunan shago ake yinsa. Tasi mai ruwan ɗorawa ta haɗaka ce, ki faɗi inda za ki da kuɗin da za ki biya, in ya yarda ya yi oda. Babura ba a barinsu shiga wasu sassan tsakiyar gari, kada ki dogara da su kamar a Garwa. Ki ƙirga mintin da tafiyar ta ci, ki ninka biyu don gobe. Da yamma ki yi waƙoƙinki sau ɗaya da rabin murya, ki miƙe jiki, ki kwanta cikin gidan sauro da ƙarfe tara. Masu masauki za su so hira, ki roƙe su su bar ta zuwa gobe.

Asabar ki tashi da asuba kada ki koma. Murya tana bukatar awa biyu zuwa uku bayan farkawa kafin ta washe. Ki karya da ƙarfe bakwai, kaɗan mai riƙe ciki. Sannan ki ɗumama murya minti goma sha biyar zuwa ashirin: ki fara da gunji baki rufe a tsakiyar murya, ki koma kaɗa leɓɓa kamar yaro mai kwaikwayon babur kina hawa kina sauka, ki hura sauti ta tsinken shan lemo a cikin rabin kofin ruwa, daga nan wasula, daga ƙarshe baiti ɗaya na waƙarki. Kada ki zuba duka ƙarfinki a ɗaki. Ki fita da ƙarfe takwas da lema a jaka, ki isa kafin tara da rabi, ki rubuta suna ki karɓi lamba.

Ƙarfe goma da aka ce miki lokacin tara mutane ne, mai yiwuwa sai azahar a kira ki. Ki riƙe ruwa lita ɗaya da rabi, ayaba, dabino. Ki gaida kowa tun daga mai gadi, amma kada ki shiga gasar waƙa da ake yi a baranda, kuma kada jin muryar wata ya sa ki canza waƙarki. In saura mutum uku a gabanki, ki keɓe ki yi gunji da kaɗa leɓɓa minti biyar. Ki tambayi mai kiran suna ko za ki iya fita salla ba tare da layinki ya wuce ba, kuma ke matafiya ce, kina da sauƙin kasaru.

In kin shiga ki tsaya tsakiya, ki yi gaisuwa, ki faɗi sunanki da garinki da waƙar da za ki yi. Mun saba sunkuyar da kai gaban manya, tarbiyya ce mai kyau, amma a nan tana ɓoye fuska tana danne maƙogwaro. Ki ɗora idonki a bango, ɗan sama da kawunansu. In kin manta kalma ki ci gaba. In sun tsayar da ke a tsakiya ba ƙi ba ne, sau da yawa sun ji abin da suke nema. In suka ce ki sake, wannan karon kamar kina fushi ko kina lallashin yaro, to nan ne ainihin gwajin: suna duba ko kina karɓar gyara. Ki canza da gaske, canjin da na bayan ɗaki zai gani.

Rawa a rukuni ake yinta. Za a koyar da taku ana ƙirga takwas-takwas, sannan a raba ku huɗu ko biyar. Ki tsaya inda kike ganin ƙafar mai koyarwa, ki fara kama ƙafa, hannu ya biyo baya. In kin ɓata ki shiga a ƙirge na gaba, tsayawa cak ita ce ke fitowa fili. Za a iya kawo bikutsi, kiɗan mutanen yankin Yawunde, mai sauri da aikin kafaɗa da ƙirji, ki kalli bidiyonsa ki gwada tun a gida. Ki sa wando mai faɗi da doguwar riga zuwa gwiwa, ɗankwali ko hula mai kama kai babu allura, takalmin roba mai igiya, babu 'yan kunne masu lilo. Zani yana kwancewa yana kuma ɓoye ƙafa. Bayan doguwar tafiya jijiyoyi a ɗaure suke, ki ɗumama jiki minti goma kafin tsalle, musamman in daɓen siminti ne ko tayil.

Kada ki kama tikitin komawa na yammacin Asabar. Waɗanda suka yi wa masu tantancewa akan sake kiransu da yamma ko washegari, a haɗa su bibbiyu a ji yadda muryoyi ke zama tare. Kafin ki fita ki tambaya yaushe za su sanar kuma ta wace hanya, ki tabbatar lambar da ke kan takardarki ita ce a wayar da ke hannunki. In suka yi miki tayi nan take, ki nemi yarjejeniya a rubuce mai faɗin kuɗin atisaye, kuɗin kowane wasa, masauki da kuɗin komawa gida, ki ce za ki kai wa magabatanki su gani kafin ki sa hannu. Daren nan ma ki yi tururi ki kwanta da wuri, tsiren Birketeri kuma ki jira har ki tabbatar babu kira na biyu.